Ƙafar da aka yanke wa mijina ita ke hana mu barci

Assalamu alaikum Tanti. Daga Tawa nake rubuto miki, kuma ina roƙon ki sakaya sunana. Mai gidana ɗan kabu-kabu ne. Wata bakwai ke nan da mota ta banke shi a hanyar Ƙonni, ƙafar hagu ta dagargaje, likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Miki ya warke, mun gode Allah. Sai dai tun satin farko yake cewa yana jin ƙafar tana nan. Wani lokaci tafin ne ke yi masa ƙaiƙayi, sai in ga ya miƙa hannu yana susar katifa inda ba komai. Da dare kuma ya ce yatsun sun dunƙule sun ƙi buɗewa, har farce na shiga nama. Ya sha tashi fitsari cikin magagin barci ya taka da ƙafar da babu, ya faɗi.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce ƙannensa ne suka binne ƙafar a lanƙwashe cikin gaggawa, kuma gara ce ke cin ta shi ya sa yake jin ƙaiƙayi, don haka sai an tono an gyara mata kwanciya. Gwaggonsa ta ce iskoki ne. An yi hayaƙi, an sha rubutu, wani mai magani ya karɓi jika arba'in da baƙin bunsuru, ba abin da ya sake. Yanzu na fara jin ƙishin-ƙishin wai farar ƙafa gare ni, tunda shekara biyu da aurenmu abin ya faru. Shi kuwa ya hana ni gaya wa likita, wai kada a ce ya taɓu. Abokansa na tasha suna kawo masa tramol, ya fara da ƙwaya ɗaya, yanzu ban san adadin da yake sha ba. Ni ma, Allah ya gani, akwai daren da gajiya ta sa na ce masa ya daina, ai ƙafar ba ta nan. Tun ranar bai sake yi mini maganar ba, sai dai in ji yana nishi. Tanti, hankalinsa ne ya taɓu? In bari a tono? Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba mai gidanki lafiya, ya saka miki bisa jinyar da kike yi da goyo a baya ko babu. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: hankalin mijinki lafiya lau yake. Abin da yake ji gaskiya ne, ba raki yake ba, kuma ba a kansa aka fara ba. Kusan duk wanda aka yanke wa hannu ko ƙafa yakan ci gaba da jin gaɓar tana nan, kuma cikin mutum 10, wajen 6 zuwa 8 har ciwo suke ji a cikinta. Da za ki tara masu ƙafar roba na garin Tawa ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya a keɓe, wanda zai ce bai taɓa ji ba shi ne abin mamaki. Suna ɓoyewa ne kawai, saboda tsoron da ya rufe bakin mijinki.

Kin taɓa buge gwiwar hannunki a bakin ƙofa, kika ji wani zirr ya tafi har ƙaramin yatsa? Yatsan nan ba abin da ya taɓa shi. Jijiyar da ke zuwa wurinsa ce ta bi ta bayan gwiwar, ita aka buge, ƙwaƙwalwa kuwa ta saba duk saƙon da ya zo ta wannan jijiyar daga ƙaramin yatsa yake, sai ta ce miki yatsa ne. Abin da ke faruwa da mijinki ke nan, sai dai nasa ya fi girma. An yanke ƙafar, amma jijiyoyin da a da suke sauka har tafin sawu suna nan a dungun, suna nan a laka, kuma suna aika saƙo. Ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe da taswirar jiki gaba ɗaya, kowace gaɓa da gurbinta. Wani likita a Montreal ta ƙasar Kanada, Wilder Penfield, shi ya zana wannan taswira a 1937, lokacin da yake yi wa masu farfaɗiya aikin ƙwaƙwalwa suna farke: ya taɓa nan da ƴar wutar lantarki, mutum ya ce ya ji a leɓe, ya taɓa can, ya ce ya ji a yatsa. Wuƙar likita ba ta kai ga gurbin ƙafar hagu da ke kan mijinki ba. Gurbin yana nan, yana jiran labarin ƙafa, abin da ke iso masa kuwa hargitsattsen saƙo ne, shi yake fassarawa da ƙaiƙayi, da zugi, da dunƙulewar yatsu.

A taswirar nan gurbin hannu maƙwabcin na fuska ne, shi ya sa aka samu masu yankakken hannu da idan an shafa musu kunci sai su ji a yatsun da babu. Wasu masu yankakkiyar ƙafa kuma sukan ji ta motsa lokacin fitsari ko kusantar iyali. Na faɗa miki wannan ne don idan ya taɓa jin haka, kunya ba za ta bar shi ya furta ba, kuma zai ɗauka shi kaɗai ne a duniya.

Likitoci ma sun daɗe suna tuntuɓe da wannan al'amari. Wajen 1552 wani wanzamin sojojin Faransa, Ambroise Paré, wanda daga baya ya zama likitan fiɗa na sarakunan ƙasar, ya rubuta mamakinsa kan mayaƙan da ke kukan ciwon ƙafa watanni bayan ya yanke ta da hannunsa. Shi ne mai maganar nan da har yau ake ambato, cewa shi ɗaure miki ya yi, Allah ne ya warkar. Babban kwamandan jiragen ruwan Ingila, Nelson, ya rasa hannun dama a yaƙi a 1797, kuma ana ba da labarin yana jin yatsunsa na nutsewa cikin tafin da babu, har ya ɗauki hakan hujjar cewa rai ba ya ƙarewa da ƙarewar jiki. Sai bayan yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, da ya bar dubban samari da dungu, wani likita a Filadelfiya, Silas Weir Mitchell, ya zauna ya bi abin daki-daki. Cikin mutum 90 da ya bincika, 86 suna jin gaɓar da aka yanke. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinsa shi ne, da farko a 1866 a matsayin ƙagaggen labari ya fitar da maganar a wata mujalla, ba tare da sunansa ba, har masu karatu suka ɗauka gaske ne suka yi ta tara wa sojan labarin kuɗi. Duk likita ko ma'aikacin kine, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, da ya yi karatunsa ya san wannan ciwo, yana da suna a littattafansu, ba wanda zai kalli mijinki da idon mahaukaci.

To, maganar tono. Ra'ayina kada a tono, amma kada ki raina Inna a kan ta faɗa. Wannan tunani ba a Adar, wato yankin Tawa, ya tsaya ba. A ƙauyukan Turai da Amurka an daɗe da shi, an sha tono ƙafa a miƙe mata yatsu a mayar, har wasu su ce sun ji sauƙi. Dalilin sauƙin kuwa a fili yake: ciwon nan yana tashi yana kwanciya da kansa, kuma damuwa da rashin barci suna rura shi, kwanciyar hankali tana rage shi. Sai dai bayan wata bakwai a ƙasa ba abin da za a tarar da za a miƙe, kuma ba wata jijiya da ta haɗa ramin da jikin mijinki. Abin da nake tsoro shi ne a tono, ciwon ya dawo bayan kwana biyu, daga nan a shiga neman wanda ya yi sammu, kuma kin san inda yatsa zai nuna. Ga kuma ƙannensa, yara da suka ɗauki ƙafar yayansu a cikin zane suna kuka suka binne, yanzu ana ɗora musu laifin ciwonsa. Su ma a tausaya musu.

Inna uwa ce da ta ga ɗanta ya fita da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, tana jin nishinsa ta katanga, ba ta da abin da za ta yi masa. Mai neman abin yi ne, kuma tono shi ne abin da hannunta zai iya kaiwa gare shi. Saboda haka a ba ta wani abin yin. Ke suruka ce, ba bakinki ne zai musa mata ba. Ki samu kawunsa ko wani dattijo da take jin nauyinsa, su je wurin limamin unguwa tare da ƙannen. Abin da aka sani wurin malamai shi ne gaɓar da aka yanke daga mai rai naɗe ta ake yi a binne, ba a yi mata sallar gawa, kuma yaran sun yi hakan. Idan liman ya faɗa mata da bakinsa, ya ce a yi sadaka a yi addu'a, zai fi shiga kunnenta fiye da bayanin jijiya. Ya kuma tuna mata da Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Nana Asma'u ƴar Abubakar, ɗaya daga manyan malaman Madina bakwai, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmalik, ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa. An ruwaito ya gode wa Allah da ya ba shi gaɓoɓi huɗu, ya karɓi ɗaya ya bar masa uku. Ranar zuwa asibiti kuma ki roƙe ta ta raka ku, ta ji daga bakin likita. Hayaƙi da bunsuru dai a tsaya haka, jika arba'in ɗin nan da sun rage hanya wajen ƙafar roba. Addu'a kuwa a riƙe ta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Usmanu ɗan Abil As ya ɗora hannu inda ke masa ciwo, ya ce Bismillahi sau uku, sannan sau bakwai ya ce A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Mijinki ya ɗora hannun a kan dungun.

Yanzu ke da shi. Maganar da kika faɗa a daren nan maganar gajiya ce, duk mai jinya ya san irin ta, kada ki ci kanki a kanta. Amma ta rufe wata ƙofa, ke ce kuma za ki buɗe. Ki zaɓi lokacin da ba ya cikin ciwo, bayan la'asar misali, ki ce masa kin yi tambaya, kin gano abin da yake ji gaskiya ne kuma yana da magani, ki ba shi haƙuri a taƙaice. Sannan ki tambaye shi yadda ƙafar take yau: a miƙe take ko a lanƙwashe, wane yatsa ne, zafi ne ko matsi. Wataƙila ke ce mutum ta farko da za ta yi masa wannan tambayar ba da sigar tausayi ko tsoro ba. Idan yana karatu, miƙa masa wayar ya karanta wannan amsar da kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki duka shi ne tramol, ya fi mini maganar rami da ta iskoki nesa ba kusa ba. Ƙwayar da likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ce, wadda ake sayarwa a tasha kuwa takan kai 200 ko 225, kuma ba wanda ya san ainihin abin da ke ciki. Jiki yana sabawa da ita, yau ɗaya gobe uku, idan ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana iya danne numfashi. Kada ki kwashe ki zubar rana ɗaya, don wanda jikinsa ya saba idan ya yanke kwatsam zai shiga zufa da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi, ya koma mata da gudu. Likita ne zai rage masa sannu a hankali. Kuma dole a gaya wa likitan adadin gaskiya, ku tafi da kwalin ma, saboda ɗaya daga magungunan da ake bayarwa kan ciwon jijiya, amitriptyline, idan ya haɗu da tramol haɗarin jijjigar yana ƙaruwa. Akwai kuma gabapentin da danginsa. Irin waɗannan ba sa aiki rana ɗaya, sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ga bambanci, suna sa barci, kuma ba a sayen su a faranti. Abokan nan nasa ƙauna ce ta sa suke kawowa, abin da suka sani ke nan. Wanda ya fi kusa da shi a cikinsu, a kira shi gefe a yi masa bayani, ya zama shi ne mai ɗaukar ku a moto zuwa asibiti.

Ku koma inda aka yi masa aikin, ko CHR, wato babban asibitin jiha na nan Tawa, ko asibitin Galmi idan ya fi muku sauƙi, ku ce kuna son a duba dungun kuma a haɗa ku da mai aikin kine. A duba ko akwai wani wuri guda da idan an danna sai ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi, don wani lokaci bakin jijiyar da aka yanke yakan yi ƙulli, kuma wannan yana da nasa maganin. Idan kin ga ja, ko kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi, wannan ba ya jiran gobe. A wannan zuwan ku tambayi hanyar samun ƙafar roba, ko da za a tura ku Yamai, domin mutane da yawa ciwon yakan ragu idan suka fara takawa da ita.

Akwai kuma abin da za ku fara a ɗaki ba da ko dala ba, wato madubi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Indiya da ke aiki a Kalifoniya, Ramachandran, shi ya fito da dabarar, ya wallafa ta a 1996, bayan ya ga masu dunƙulallen hannun da babu suna jin ya buɗe idan suka kalli lafiyayyen a madubi. A 2007 aka gwada ta kan masu yankakkiyar ƙafa a asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka, minti 15 kullum har sati huɗu, kuma mutum shidan da suka yi da madubi duka sun ce ciwon ya ragu. Mutum shida ba yawa ba ne, kuma an ga waɗanda ba ta yi musu aiki ba, amma gwadawa ba ta cin komai. Ki ciro dogon madubin kayan ɗakinki. Ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ki tsayar da madubin a tsakanin cinyoyinsa, fuskar madubin tana kallon ƙafar dama, dungun yana ɓoye a bayansa. Idan ya leƙa zai ga ƙafa biyu lafiyayyu. Sai ya riƙa buɗe yatsun dama yana rufewa a hankali, yana juya idon sawu, idonsa a kan ta cikin madubin, yana niyyar motsa duka biyun tare. Idan ƙaiƙayi ne, ki sosa tafin dama daidai inda yake ji a na hagu, shi kuma yana kallon madubi. Ki rufe ƙofa ranar farko. Namiji ya ga ƙafarsa ta dawo bayan wata bakwai, hawaye na iya zuwa, kuma ba zai so a gani ba. Idan ya ji jiri ko ciwon ya ƙaru, a ajiye sai an tambayi mai kine.

Dungun kansa yana son hannu. A riƙa shafa shi da tattausan ƙyalle, ana ɗan bubbuga shi da yatsu, a naɗe shi da bandeji mai talewa yadda za a koya muku. Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwar, kada ya wuni da ita a lanƙwashe, ya riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum, don gwiwar da ta ƙage ba ta karɓar ƙafar roba. Faɗuwar dare kuma, ki ajiye kujera a gefen gadon ta ɓangaren da yake sauka, da sandunansa da tocila, da bokiti mai murfi, yadda hannunsa zai ci karo da su kafin ya miƙe. Lokacin ɗari ciwon yakan tsananta ga wasu, ki lulluɓe dungun. Kada kuma ki firgita idan wata rana ya ce ƙafar tana gajarcewa, har yatsun sun dawo kusa da gwiwa. Haka take yi wa mutane da yawa, kuma ga mafi yawansu tashin ciwon yana raguwa da tafiyar lokaci.

Maganar farar ƙafa canfi ce, mota ce ta buge shi, kuma abin da Allah ya rubuta ba aure ne ya kawo shi ba. Kada ki tanka wa kowa, kada ki kai ƙara gidanku tukuna. Mijinki ne zai kashe wannan magana da kalma ɗaya a gaban mahaifiyarsa, kuma zai fi iya yin haka idan ya samu barci, ya ga wadda ta tsaya masa. In abin ya wuce ƙishin-ƙishin ya zama gori a fuska, sai ki gaya wa waliyyinki, manya su zauna.

Ki lura kuma da abin da bai faɗa ba. Mutumin da ya saba fita tun asuba ya dawo da cefane, yau yana zaune ana ba shi, ciwonsa ba a dungu kaɗai yake ba. Idan moton yana nan ko ana iya gyara shi, a ba wani ƙanensa ya riƙa aiki da shi yana kawo masa lissafi kowace yamma, kuɗin cefane ya riƙa fitowa daga hannunsa zuwa naki kamar da. Ko a kafa masa ɗan tebur a ƙofar gida, ya ga mutane su gan shi. In kika ji yana cewa gara ma ya mutu, ko ya daina cin abinci, ko ya daina kula kowa, kada ki riƙe a cikinki, ki gaya wa likita da wani babba a ranar. Ke ma jiki gare ki. Ki nemi ɗaya daga ƙannen nan ya riƙa kwana kusa da shi dare biyu a sati, ke ki shiga ɗakin Inna ko na wata ƴar'uwa ki yi barci. Allah ya sa kaffara ne, ya ba shi lafiya.